Ruwa a Ƙarƙashin Rumbu

Har yau idan marka ta kama, gwiwoyina ne suke fara sanar da ni kafin hadari ya haɗu. Jikokina suna dariya, suna cewa tsufa ne. Ba na musu da su, amma ni na san inda na samo ciwon nan. A ƙarƙashin rumbun maigidana na ɗauko shi, a gidanmu na Potiskum, daminar shekarar da man fetur ya yi wuya har motoci suka riƙa kwana a layi.

Maigidana ɗan makiyaya ne. A ruga aka haife shi, can wajen Damagum, sai da annoba ta share musu garke sannan ya ɗauko mahaifiyarsa da 'yan shanun da suka rage suka shigo gari. Daga baya su ma 'yan shanun suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ya koma rakiyar shanun mutane zuwa Kudu a bayan tirela, ya kuma samu gona a hanyar Mamudo ya fara noma da girmansa. Ni kuwa 'yar manoma ce tun kaka da kakanni, a cikin garin aka binne cibiyata. Da aka kawo ni gidan na tarar da rumbu sabo fil a tsakar gida, na ƙasa, an ɗora shi a kan gungume, gungumen kuma a kan manyan duwatsu, an yi masa jinka mai kyau. Shi ne rumbu na farko a duk danginsu, kuma yana ji da shi kamar yadda ubansa ya ji da bijimi.

Kallo ɗaya na yi wa rumbun na san akwai magana. A gidanmu tudu ake nema wa rumbu, ko da a lungu ne. Shi kuwa a inda turakun shanunsa suke a da ya gina nasa, don a wurin makiyayi nan ne mazaunin dukiya, nan ido yake sauka idan an fito daga ɗaki da safe. Abin da bai lura da shi ba, shekara da shekaru ana kankare taki a wurin, har ƙasar ta lotsa ta zama kamar ƙwarya. Na faɗa masa sau ɗaya ina amarya. Ya yi murmushi ya ce, "An ji, malamar gona." Ban sake tayar da zancen ba.

Akwai abu ɗaya da ya koya a wurin manoma ya kuma riƙe shi fiye da su kansu: rumbun namiji, namiji ne yake buɗe shi. Mace ba ta hawa tsani ta leƙa. Shi zai hau, ya ɗaga jinka, ya jefo dami, ya mayar da jinkar ya sauko, ni kuma in sussuka in surfa. Haka na ga uwata ta yi, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Ina jin ya riƙe al'adar da ƙarfi ne saboda tsokanar da yake sha. Maƙwabta ba sa ganinsa da fartanya a kafaɗa su ƙyale shi, sai sun tambaye shi ko ya gane gero daga ciyawa yau. Wasa ne, shi ma yana ramawa, amma idan ya shigo gida nakan ga wasan bai gama sauka daga fuskarsa ba.

A daminar da nake ba da labari, ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu, ya ce zai raka shanu Kudu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa wane manomi ne yake barin gona a wannan lokaci, ko dai har yanzu ƙahon saniya ya fi zangarniya daɗin kallo? Ya hau tsani ya jefo mana damman da ya ce za su ishe mu har ya dawo, ya kwantar da tsanin a bayan ɗaki, ya yi wa mahaifiyarsa sallama ya tafi. Aka bar ni da ita Inna da yarinyar da nake goyo. Lokacin da ya ɗiba ya zo ya wuce, sai saƙo muka samu ta bakin wani direba cewa suna can lafiya, man dawowa ne babu.

Sai marka ta sauka. Ba irin ruwan da yake zuwa da iska da tsawa ya yi abinsa ya wuce ba, irin mai naci ne, a kwana ana yi a wuni ana yi, sama ta yi fari fat kamar ba ta san da rana ba. Wata safiya na fito na ga kajina a jere a kan katanga, alhali a ƙarƙashin rumbu suke kwana. Na sunkuya na leƙa. Ruwa ne kwance, ja, ya shanye duwatsun har saura kaɗan ya taɓa gungumen. Rariyar gidan tana aikinta, amma ta fi gindin rumbun tudu, don haka duk abin da ya zubo daga rufin ɗakuna nan ya gangaro ya samu wurin zama.

Na san abin da yake biyo baya. Idan ƙasa ta jiƙu, dutsen tsakiya ne yake fara nutsewa, sai daɓen rumbun ya tsage, sai kawai a ji ƙara. Duk wanda ya tashi a cikin manoma ya san ranar da rumbu ya faɗi. Ba a gayyata. Unguwa ce take cika gidan, maza da buhuna, mata da faifai da tabarmi, a tsince hatsin daga cikin taɓo kafin ya tsira. Taimako ne na tsakani da Allah, amma kowa zai koma gida ya san dami nawa ne a rumbunka.

Na miƙa wa Inna yarinya, na ɗaure zane a ƙugu, na ɗauko bokiti da tsohon kwano. Ruwan gefe ba shi da wuya: a durƙusa, a ɗebo da kwano, a cika bokiti, a kai bakin rariya a zubar, a dawo. Na tsakiya ne aiki, don can ne ya fi zurfi, kuma hannu ba ya kaiwa. Sai an kwanta rub da ciki an ja jiki a cikin taɓo, kai a sunkuye, gungume yana gogar baya, a kamfato ruwan a turo kwanon waje, a ja da baya a juye, a sake komawa. Wurin yana warin kashin kaji da tsohon taki. Kwaɗi suna tsalle a fuskata, ni kuma ina addu'a kada in ɗora hannu a kan kunama. Kafin azahar na ga ƙasa, na yi hamdala, na yi wanka na yi salla. Da na fito bayan la'asar sai na tarar ruwan ya koma inda yake, kamar babu wanda ya taɓa shi.

Haka muka shiga yi ni da ruwan nan, in kwashe ya dawo, in kwashe ya dawo. Na ɗauki fartanya na tayar da kunyar ƙasa kewaye da rumbun don ta tare mai gangarowa. Na haƙa ɗan rami a gefe don na cikin ya riƙa taruwa a inda hannuna yake kaiwa. Ya rage, amma bai hana ba, don ƙasar ta ƙoshi, daga ƙasa yake tsattsafowa. Tsakanin yatsun ƙafata ya yi fari ya fara tsagewa. Gwiwoyina suka saluɓe. Idan na miƙe tsaye sai na dafa bango na jira bayana ya yarda. Inna takan kwantar da yarinyar ta ɗauki ƙaramar ƙwarya ta taya ni kaiwa rariya, tana tafe tana rangaji, rabi yana zubewa a hanya, har sai na roƙe ta ta koma ta zauna.

Maƙwabcinmu na jikin katanga wani dattijo ne manomi, abokin mahaifina, Baba nake ce masa. Ya ji ƙarar bokiti ba dare ba rana, ya leƙo ta kan katanga. Da farko ya yi zancen aro injin ban ruwa a wurin masu lambu, sai shi da kansa ya tuna babu man da za a zuba masa. Ya daɗe yana kallon gindin rumbun yana girgiza kai. Hausarsa irin ta dattawan garinmu ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Kai yarinya, wannan aiki ba zai ƙare ba," in ji shi. "Bari in turo 'ya'yana da tsani, a sauke hatsin a kai zaurena. In ya so rumbun ya faɗi don kansa."

Wani daɗi ya kama ni, har na buɗe baki zan yi godiya. Sai Inna ta riga ni daga bakin ƙofar ɗakinta.

"Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Amma mai shi ba ya nan."

"Haba 'yar Fillo, ai lalura ce. Ko shi ya dawo ba zai ga laifin kowa ba."

"Mai shi ba ya nan," ta sake cewa, ta gyara wa yarinyar kwanciya a cinyarta.

Baba ya ɗaga kafaɗa ya sauka. Ni kuwa kamar in yi ihu. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba, amma ran nan na kusa. Na ce, "Inna, idan ya faɗi fa? Me za mu ci? Al'ada za mu dama mu sha?" Ta ce, "Ki dai kwashe ruwan, 'yar nan. Wancan zai dawo." Ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, wancan take ce masa. Na koma ƙarƙashin rumbun ina ƙunƙuni. A raina na ce mutanen da jiya-jiya suka san rumbu, su ne yau za su koya mini dokarsa. Hatsin da ya bar mana ma ya ja baya, na fara tsinko tafasa da rama ina haɗawa da ɗan gari don ya kai mu, ga abinci a bisa kaina an ce kada a taɓa.

Washegari ina can tsakiya, na farfasa tsohuwar tukunya ina cusa tsingaron a gindin dutsen tsakiya don kada ya nutse, sai wani abu mai sanyi ya bi ta kan ƙafata. Na zabura na ɗago, goshina ya daki daɓen rumbun ta tsakanin gungume. Zafin bai dame ni ba kamar ƙarar da na ji. Ina yarinya ni ake turawa ƙarƙashin rumbun babanmu ɗauko ƙwai, na sha buga kai a can, na san yadda cikakken rumbu yake amsawa: a toshe, kamar an daki buhu. Wannan kuwa ya amsa kamar tulun da babu ruwa.

Na juya da ƙyar na kalli gungumen da kyau, abin da ban yi ba tun da na fara shiga. Na babanmu kullum a lanƙwashe suke, nauyi ya danne su har sun yi ciki. Waɗannan a miƙe suke sambal. Na ƙwanƙwasa nan, na ƙwanƙwasa can, duk amsa ɗaya ce. Kakar bara ya ce mini gonar ta yi kyau, za ta kai mu wata kakar har da saura. Ashe damman da ya jefo mana ranar tafiyarsa su ne na ƙarshe. Ashe shi ya sa ya bar gona ana tsakiyar maimai ya hau bayan tirela, ni kuma na raka shi da gori.

Na jawo jiki na fito na zauna a gefen kunyar da na tayar, ruwa yana sauka a kaina. Inna ta dube ni.

"Kin bugu ne?"

"Na bugu, Inna." Sannan na ce, "Gungumen nan a miƙe suke."

Ta ce, "Ni ban san kan rumbu ba, 'yar nan. Na dai san saniyar da babu komai a hantsarta tun daga tafiyarta. Na kuma ga yadda wancan ya sauko daga tsani ranar da zai tafi."

Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, amma gajiya ta fi su duka yawa. Wallahi na yi tunanin in ajiye kwanon in bar shi ya faɗi. Don me zan ƙarasa ƙafafuna a kan tulun ƙasa da ƙaiƙayi? Sai na hango yadda za a yi. Za a ji ƙara, unguwa ta shigo da faifai da buhuna, 'ya'yan Baba su tona taɓo su tona, su ɗago su kalli juna. Ba ma tsokanar nake jin tsoro ba. Abin da na fi tsoro shi ne a daina tsokanarsa, a riƙa yin shiru idan ya wuce da fartanya, a riƙa aiko mana da kwanon hatsi a rufe. Na san mutumin da nake aure. Ya rasa garke ya miƙe, amma wannan ban tabbata zai miƙe ba.

Na ɗauki kwanon na koma ciki. Ba zan ce aikin ya yi sauƙi don na san dalilinsa ba. Ƙara nauyi ya yi. Da ina kwashewa ne ina cewa abincin 'yata nake karewa, yanzu kuwa na san babu abin da zai fito daga cikinsa ko da ya shekara ɗari a tsaye. Nakan kwanta a can ciki in ɗora kumatu a kan hannu in ce bari in huta kaɗan, sai in ji barci yana fizgata a cikin taɓo. Inna kuma ta tsiri azumin nafila, yau ta ce Litinin ce, gobe ta ce ramuwa take yi. Na san don ta bar mana ɗan kunun ne, ita ma ta san na sani, ba wadda ta ce wa wata komai.

Da bangon rumbun ya fara nuna danshi daga ƙasa, Baba ya sake leƙowa. Wannan karon da gaske yake, har ya sa an jingina tsani a katangarsa.

"Kai yarinya, ka ga tsaga ta fara. Kada ka biye wa tsohuwa. Yanzun nan a sauke."

Na ɗago daga durƙuson da nake, taɓo har gira. Na ce, "Mun gode, Baba. Mai shi ba ya nan."

Ya dube ni, ya dubi Inna. Ya ce, "To, kai ma an mayar da kai Bafillata," ya sauka yana faɗa shi kaɗai. Na kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi na liƙe tsagar, na jingina tsohuwar tabarma a jikin bangon ta gefen da ruwa yake bugowa.

Marka ba ta ɗauke lokaci ɗaya ba, ja da baya ta riƙa yi. Wata rana na kwashe da safe, na dawo da la'asar na tarar ɗan kaɗan ne ya taru a ramin. Wata rana kuma na tarar da kaza a ciki tana tono. Na tsaya ina kallonta kamar wata baƙuwa, ko murnar ma ban iya yi ba.

Maigidana ya dawo wata rana da rana tsaka, ya rame ya yi baƙi, mai amalanke yana biye da shi da buhun masara da na garin kwaki. Tsaraba ce, in ji shi. Baba ya yi sallama ya shigo yi masa barka da zuwa, bai ko zauna ba ya fara ba shi labari, yana nuna kunyar, yana nuna ramin.

"Matarka ya ceci hatsinka, Fillo. Ni na ce a sauke, suka ƙi. Hau ka duba ko ruwa ya taɓa."

Maigidana ya ɗauko tsanin daga bayan ɗaki ya jingina. Ya hau a hankali, ya ɗaga jinka, ya zura kai ciki. Ya daɗe a haka. Ni ina bakin murhu na sunkuyar da kai ina hura wutar da ta riga ta kama. Ya mayar da jinkar ya sauko ya ce, "Alhamdulillahi." Baba ya ce madalla, ya ƙara masa da cewa baɗi ya nemi manomi na gaske ya nuna masa inda ake gina rumbu, suka yi dariya, ya fita.

Da gidan ya zama namu, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin rumbun. Sawun jikina yana nan a busasshen taɓo, hanya guda har gindin dutsen tsakiya, ga tsingaron da na cusa. Ya ɗago ya dubi gwiwoyina, ya dubi tabon da yake goshina.

"Har ciki kika shiga?"

"Har ciki."

Ya san 'yar wace ce ni, ya kuma san abin da 'yar manomi za ta gani idan ta kwanta a ƙarƙashin gungume. Na zuba masa ruwan wanka na koma na zauna.

Bayan kaka shi da kansa ya sa gatari ya rushe rumbun. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Malamar gona, ina za a sa?" Na nuna masa tudun da yake lungu kusa da ɗakin girki, a nan aka gina sabo. Ranar da aka gama zuba dammai, masu taya shi suka watse, sai ya bar tsanin a jingine bai kwantar ba. Ya kira ni.

"Hau ki duba."

Na dubi Inna. Ta tashi ta shige ɗakinta kamar ta tuna wani abu. Na kama tsanin na fara hawa, kowace taka gwiwoyina suna ƙara. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin cikin rumbun namiji ba, har na ubana. Na ɗaga jinkar na leƙa. Ƙamshin sabon gero ya bugo ni. Ya ɗan haura rabi, bai kai inda ake so ba.

"Yaya?" ya tambaya daga ƙasa.

"Zai kai mu," na ce, "in an lallaɓa."

"To, mu lallaɓa."

Na mayar da jinkar. Ya riƙe tsanin da hannu biyu har na sauko.